Minti Uku na Thurman

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, kuma ba ni ya kamata in rubuta wannan ba. Ni ko waƙar coci ban iya binta daidai ba. Matar da ke koya mana waƙa ta taɓa jawo ni gefe ta ce in riƙa motsa leɓe kawai, Ubangiji zai gane. Abin da na iya shi ne karatu. Ina aikin mayar da littattafai kan kanta a laburare bayan an tashi daga makaranta, na ga yadda masu iyawa ke buɗe labari, shi ya sa ma na san ban kai su ba. To amma mutum huɗu ne suka yi kiɗan da zan ba ku labarinsa, ɗaya ya mutu, sauran ukun kuwa ba wanda zai zauna ya riƙe alƙalami. Inda na ɓata, ku yi haƙuri ku tsallake.

Sunana Arletha Renfro. Wanda ya mutun yayana ne, Thurman, mai busa ƙaho.

Sun haɗu a watan Fabrairun 1948, sun watse a Oktoba. Suna kiran kansu Huɗun Rivard, don a titinmu na Rivard suke gwaji, a ɗakin ƙarƙashin gidanmu, tsakanin murhun kwal da wani tsohon fiyano da masu haya na da suka kasa fitarwa. Akwai Hosea Quarles mai fiyano, dogo siriri, wanda ba ya dariya sai in wani ya yi kuskure. Akwai Biskit mai ganguna; sunansa na gaskiya Elroy, amma ko uwarsa ta daina kiransa haka. Sai Mista Gaither, dattijon cikinsu, ma'aikacin gidan waya, mai kaɗa bes, ƙaton gogen nan da ya fi shi tsawo, wanda ake tsinka da yatsa. Thurman kan tashi biyar da rabi ya tafi sashen narka ƙarfe na masana'antar mota, ya dawo da la'asar hancinsa baƙi ƙirin, ya wanke fuska, ya sauka ƙasa.

Kiɗansu sabon salon nan ne da ake ce wa bop, wanda ba ya rawuwa. Gudu gare shi kamar an biyo shi da sanda. A mashayar titin Hastings inda aka ba su ranar Litinin, ranar da ba kowa, wata mata ta taɓa tsayawa gaban Thurman ta ce, "Ɗan nan, in kun gama gwada kayan naku, ku yi mana waƙa." Biskit ya yi wata guda yana kwaikwayonta.

Mama ba ta taɓa zuwa ta ji su ba. Ko a gida, da sun fara sai ta juya tsintsiya ta daki ƙasa da sandarta. "Thurman! Gidan Kirista ne nan!" Shi kuma ya ɗago murya daga ƙasa, "To, Mama!" su yi shiru na minti biyu, su ci gaba a hankali, sannu sannu su manta.

Abin da ya sa ba ku taɓa jin sunansu ba shi ne shekarar da suka zaɓa. A shekarar nan ƙungiyar makaɗa ta ƙasa tana rigima da kamfanonin faifai, ta hana 'ya'yanta ɗaukar faifan sayarwa, tun daga ranar ɗaya ga Janairu har dab da Kirsimeti. A cikin hanin aka haife su, a cikinsa suka mutu.

Faifai ɗaya tak suka yi, shi ma ba na sayarwa ba. Mista Lipscomb mai gyaran rediyo a titin Hastings yana da injin yanka faifai a bayan shagonsa, inda mutane ke ɗaukar gaisuwa su aika wa danginsu a kudancin ƙasar. Wata Asabar ta Satumba da hantsi Thurman ya fizge littafin da ke hannuna ya ce, "Tashi, Farfesa. Yau za ki ga tarihi da idonki, ki huta da karanta shi."

Ɗakin ƙarami ne, an rataye barguna a bango. Mista Lipscomb ya zaro faifan daga takarda da yatsu biyu. Ba irin na kanti mai tauri ba ne. Farantin alminiyam ne da aka shafe da baƙin danƙo mai sheƙi, mai laushi.

"Minti uku kowane gefe," in ji shi. "Ba na gogewa, ba na sakewa. Kai mai ganga, cire ƙafarka daga babbar gangar nan. Ka take ta sau ɗaya, allurata ta yi tsalle, shi ke nan."

"In cire ƙafa? To da me zan yi kiɗan, da haƙori?"

"Da ka gwada," Hosea ya ce, "ƙila ya fi daɗi."

Mista Gaither ya cire kwat ɗinsa ya cusa cikin babbar gangar.

Gefen farko waƙar Thurman ce, ya sa mata suna "Biyar da Rabi". Suka buɗe tare, Hosea ya yi nasa, sannan Thurman ya shiga shi kaɗai. Ban san sunayen abin da ya yi ba. Na dai san ya rufe ido, kumatunsa ba su kumbura ba, sautin ya fito siriri yana hawa yana sauka kamar mai gudu a kan matakala, kuma na ga Biskit ya buɗe baki ya manta bai rufe ba. Bai kai minti guda ba. Da Mista Lipscomb ya sauke hannu, sai Thurman ya kama tari. Ya yi ta yi har ya durƙusa ya dafa kujera.

"Ƙurar aiki ce," ya ce. "Ku yi na biyun ba ni. Hosea, yi wannan mai sanyin naka da 'yan mata ke so."

Haka gefe na biyu ya zama fiyano da bes da ganga kawai. Thurman yana waje yana shan iska.

Suna ta ihu suna dukan kafaɗar juna, sai Mista Lipscomb ya duba ya ga ni kaɗai ce a tsaye shiru. Ni ya miƙa wa faifan. "Ke na ga kina da kunne. Wannan abin ba ya daɗewa. Duk sawa ɗaya, allura na cin kaɗan daga jikinsa. Da allurar ƙaya, a hankali, zai yi sawa hamsin ko sittin. Da allurar ƙarfe a tsohon garmaho mai nauyin kai, noma shi za ki yi. Kin ji?"

Na ce na ji.

Ba ƙurar aiki ba ce. Tarin fuka ne. A Oktoba aka kwantar da shi a asibitin masu tari, inda ba a bari mu matso kusa da gado. Sauran ukun sun gwada wani mai ƙahon sau biyu, Hosea ya rufe fiyano ya ce ba zai iya ba. Biskit ya koma tuƙin motar burodi. Thurman ya cika a watan Janairu, wata guda bayan an ɗage hanin. Yana da shekara ashirin da uku.

Sati biyu bayan jana'iza Mama ta samu faifan a ƙasan akwatin kayansa, inda na ajiye shi. Garmahonmu tun daga Alabama ta taho da shi, irin wanda ake wanawa da hannu, kansa nauyi kamar dutsen guga; faifan waƙoƙin coci huɗu kawai yake ci. Ina kicin na ji tana wana shi. Kafin in share hannu in fito, ƙahon Thurman ya cika falo.

Tana tsaye da hular aikinta a kai, jaka a hannu. Da ya ƙare ta ce, "Shi ne wannan?"

"Shi ne, Mama."

"Daga ina zuwa ina?"

Na nuna mata inda yake shiga shi kaɗai. Ta ɗaga allurar ta mayar daidai wurin. Ranar ta rasa bas ɗin bakwai saura kwata, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya da take aiki a gidan wasu Turawa.

Daga nan ya zama kullum da safe. Ba ta jin farkon, ba ta jin ƙarshen, gefe na biyu kuwa ko juya shi ba ta taɓa yi ba. Wurin Thurman kawai, sau uku, sau huɗu, sannan ta sa hula. Kuma Mama mace ce mai tattali. Ba ta yar da allura. In ta ga bakin allurar ya dakushe, sai ta ɗauko dutsen da marigayi Baba ke wasa askarsa, ta ɗiga ruwa, ta wasa ta tsaf kamar yadda take yi wa allurar ɗinki. A ganinta, allura mai kaifi ta fi tausaya wa faifai.

Na gaya mata. Kada ku ce ban gaya mata ba. Na nuna mata baƙin garin da ke taruwa a bakin allurar, na ce, "Mama, wannan jikin faifan ne." Ta hure shi ta ce ƙura ce, gidan nan kullum ƙurar kwal. Na je wurin Mista Lipscomb na sayo allurar ƙaya, na sa mata. Ta saurara, ta karkata kai, ta ce, "Cire. Kamar yana cikin rijiya. Ni ɗana ba haka yake ba."

Tsakiyar faifan ya fara yin fari-fari, zobe guda mai faɗin yatsa, sauran duk baƙi yana sheƙi. Ina ganinsa kowace safiya in na zo ɗaukar littattafaina.

A ƙarshen Afrilu Hosea ya zo laburare. Ya same ni a bayan kanta, ya cire hula, ya yi magana da ƙarfi har mai kula da wurin ta ɗago kai.

"Farfesa, akwai wani mutumin Chicago, Mista Brodsky. Yana da ɗan ƙaramin kamfani. Yana bi gari gari yana neman abin da aka ɗauka a ɓoye bara. Na rubuta masa, ya amsa. Sha huɗu ga Mayu zai zo shagon Lipscomb. In ya ji ya so, zai kwafe shi a kan ƙarfe ya buga ɗari biyar." Ya ɗaga yatsu biyar dogaye a gabana. "Da sunan Thurman a jiki. A rubuce. Irin abin da kike so."

Ya matso kusa da ni.

"Faifan yana nan lafiya ko?"

"Yana nan," na ce.

"Ba wanda ke taɓa shi?"

Da na faɗi gaskiya a nan, da ya je ya karɓe shi a ranar, ko da Mama za ta tsine masa. Na dubi takalminsa na ce, "Yana gida."

Sati uku ya rage. Na yi lissafi a zuci yadda na saba: sau huɗu kullum, kwana ashirin da ɗaya. Washegari, da Mama ta fita, na nannaɗe faifan a tawul na kai laburare, na zura shi cikin babban littafin taswirar duniya da ba wanda ya ara tun kafin yaƙi.

Na zaci za ta yi faɗa. Na shirya wa faɗa, har na tsara amsoshi. Da safe ta buɗe murfin garmaho, ta duba, ta duba ƙarƙashin tebur, ta zo ƙofar kicin.

"Arletha."

"Na ɓoye shi, Mama. Zuwa sha huɗu ga wata kawai." Na zayyana mata komai, Chicago, ɗari biyar, sunansa a rubuce. "In an buga, za ki samu mai tauri, wanda ba ya cinyewa. Ki sa sau dubu in kin ga dama."

"In an buga."

"Za a buga."

"Bature ya gaya miki?"

"Ya gaya wa Hosea."

Ta gyaɗa kai, ta sa hula, ta fita. Da yamma ta dafa wake da burodin masara ta zuba mini, ita ba ta ci ba. Haka washegari. Ba ta sake tambaya ba. Amma kullum da safe sai ta zauna a kujerar da ke kusa da garmahon, jaka a cinya, har lokacin bas ya yi. Ina jin ta ta bango tana wani ɗan gurnani a maƙogwaro, ta fara, ta tsaya, ta koma farko, ta tsaya a wuri ɗaya.

Rana ta shida Lahadi ce. Mun dawo daga coci tana cire safar hannu, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin san sau nawa ya ce in zo in ji shi?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Ya ce, Mama, akwai wanda ake yi ranar Lahadi da rana, ba giya, lemo kawai. Na ce ƙafata ba za ta taka Hastings ba. Wata takwas yana ƙarƙashin ƙafata yana busa, ni ina dukan ƙasa da tsintsiya." Ta ninke safar, ta sake warware ta. "Ke kin ji shi da ransa. Ni ban ji ba. Ba sauraro nake ba, 'yar nan, koyonsa nake. Na kai wajen rabi. Akwai inda yake hawa sama ya juyo, nan ne ke kuɓuce mini. Yanzu kuma na farkon ma ya fara zubewa."

"Saura sati biyu, Mama."

"Shekarata hamsin da huɗu. Kaina ba irin naki ba ne, da za a zuba abu ya zauna."

Litinin na dawo da shi. Ban san yadda zan bayyana muku ba. Na san abin da Mista Lipscomb ya faɗa, na san abin da ke jiran faifan, kuma da hannuna na zaro shi daga tsakanin taswirori. Na kafa mata sharaɗi: sau ɗaya a rana, da allurar ƙaya. Ta ce to. Kwana biyu ta cika alkawari. A rana ta uku ina ɗaki ina ɗaura igiyar takalmi na ji kukan dutsen washi, ƙyas, ƙyas, ƙyas, sannan ƙahon ya tashi da ƙarfi. Sau ɗaya. Sau biyu. Na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ban fita ba. Sau biyar ta sa shi ranar.

Asabar ɗin ta zo da yayyafi. Mama ta ce za ta je. Ta sa rigar cocinta ruwan toka da hula mai fure, ta rungume faifan a ƙirji cikin tawul, muka taka har Hastings. A bakin titin ta ɗan tsaya, sannan ta sa ƙafa.

Duk suna nan a bayan shagon. Biskit ya zo da farar rigar kamfanin burodi, ya yi ƙiba. Mista Gaither ya miƙe ya ba Mama kujera. "Sista Renfro, sannu da hanya."

"Mis Ola!" in ji Biskit da ya ga Mama. "Ke ce a Hastings? Bari in leƙa waje in ga ko an busa ƙahon tashin ƙiyama."

"Elroy, har yanzu bakinka ya fi hankalinka sauri."

"Ta tuna sunana! Hosea, ka ji? Ni kaina sai na duba katin aiki."

Mista Brodsky gajere ne mai tabarau, da jiƙaƙƙen kwat. Ya gaishe da Mama da ladabi, ya ce ya ji labarin ɗanta. Mista Lipscomb ya karɓi faifan, ya warware tawul, ya karkata shi wajen fitila. Ya daɗe yana kallon farin zoben. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni kaɗai. Ya ɗora shi a kan injinsa na lantarki mai sauƙin kai.

Farkon ya fito da ɗan shuu, amma ana ji. Su huɗu tare, da gudu. Mista Brodsky ya fara kaɗa ƙafa. Hosea ya yi nasa, ya ɗan yi murmushi da jin kansa. Sai aka iso wurin Thurman.

Kun san ƙarar da mai ke yi in an jefa jiƙaƙƙen kifi a kasko? Ita ce ta cika ɗakin. Can ƙarƙashinta, nesa, akwai wani abu siriri da ke motsi, in ka san yana nan. Allurar ta yi tsalle sau ɗaya ta faɗa gaba. Ƙarar ta ci gaba, ta ci gaba, sannan kwatsam ta yanke, su huɗun suka dawo tare fes suka rufe waƙar.

Hosea ya juyo a hankali.

"Kin ce yana gida."

"Yana gida," na ce.

"Wa ya yi wannan? Da me aka yi, da ƙusa?"

"Hosea," in ji Mista Gaither.

"A'a, Mista Gaither, bari in ji. Abu ɗaya mutumin nan ya bari a duniya. Ɗaya!"

Mista Brodsky ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba injin da zai ciro abin da babu. Sannan, don dai kada a ce ya zo a banza, ya ce a juya. Mista Lipscomb ya juya. Gefe na biyu ya fito kamar jiya aka yanka shi, ko ƙwarzane babu. Fiyanon Hosea a hankali, bes na bin sa. Minti uku cur ba wanda ya yi tari. Da ya ƙare Mista Brodsky ya mayar da tabarau ya ce wannan kam yana so. Zai haɗa shi da wani abu na wasu 'yan Cleveland a ɗaya gefen. Sai dai tunda ba ƙaho a ciki, ba za a ce Huɗu ba. Za a rubuta Hosea Quarles da abokansa.

Biskit ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Abokansa. Mista Gaither, an ƙara mana girma."

Hosea bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yana kallon takardar yarjejeniyar da mutumin ya zaro daga aljihu.

Sai Mama ta yi magana. "Ban gane ba. Me ya samu na farkon?"

"Ya cinye, Sista Renfro," in ji Mista Lipscomb a hankali. "Ba a jin yaron."

"Ba a jin sa? Ga shi nan kuwa. Ni na ji shi sarai." Ta dubi Mista Brodsky. "Ranka ya daɗe, kunnenka ne bai saba ba. Tsaya ka ji."

Ta ajiye jaka a ƙasa, ta gyara zama, ta rufe ido. Ta fara.

Da muryar da take waƙar coci ta yi shi, baki a rufe, amma da gudun Thurman. Ban san maƙogwaron mutum na iya haka ba. Kowane hawa, kowace sauka, har ɗan jinkirin da yake yi kafin ya afka. Biskit ya daina dariya. Hosea, yana tsaye kusa da fiyanon shagon, ya miƙa hannun hagu ba tare da ya zauna ba ya fara bin ta a hankali. Suka tafi tare. Ta iso inda yake hawa sama ya juyo, ta haye shi lafiya lau.

Sai ta yi tsalle. Daidai inda allurar ke tsalle, ita ma ta tsallake ta faɗa gaba, numfashi guda cur na busar babu shi. Ba ta sani ba. Tun da ta kai wurin a koyonta, tsagin ya riga ya karye. A wurinta haka ɗanta ya busa. Hannun Hosea ya tsaya a sama, yatsu a buɗe, ya rasa inda zai sauka. Ya dubi Mista Gaither. Mista Gaither ya girgiza kai kaɗan. Hosea ya lalubo ta a gaba, ya bi ta har ƙarshe.

Ta buɗe ido. "To? Ka ji shi yanzu?"

"Na ji, uwargida," in ji Mista Brodsky. "Na gode." Takardar tana hannunsa har yanzu, bai san inda zai sa ta ba.

"To sai ka buga."

Duk suka fara magana lokaci guda, a tausashe, kowa na neman yadda zai gaya mata. Mista Gaither ya durƙusa gefen kujerarta. Biskit na cewa a kawo mata ruwa. Na ga Hosea ya juya musu baya, ya tambayi Mista Lipscomb ko yana da alƙalami.

Ƙofar baya tana kusa da ni, a ɗan buɗe saboda zafin ɗakin. Na ja jikina ta bayan bargon da ke rataye, na bi ta tsakanin matattun rediyoyi, na fita lungu. Yayyafin bai tsaya ba. Ba wanda ya kira sunana.